Ranar da Muka Rufe Hanyar Lae

Lae, 6 ga Yuni, 1994

Yaya Oripa,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya gwargwadon wadda mai makoki zai iya samu. Ki gaida Kawu, da fatan ƙafarsa ta yi sauƙi. Ki gaida matar Kumoro da yaran. Ni jikina ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga.

Na san kin ji zafin rashin ganina wajen binne ƙanenki Kumoro. Ni na wanke shi, ni na sa shi a akwati, ni na ɗora a mota. Da aka tada injin sai ƙafata ta ƙi hawa. Na ce wa mutane aiki ne ya riƙe ni, kuma gaskiya jiragen ruwa uku ne a bakin tasha a makon nan, biyu na jira a teku.

Kin aiko direba ya ce in rubuta miki yadda abin ya faru, kada in rage komai. Ran Talata da hantsi Kumoro ya shigo tasha da buhunan kofi na mutanen Kainantu. Aka sauke a sito, ya ja tirelarsa gefen wani jirgi da ya kawo shinkafa, don a ɗora masa kwantenar da zai hau da ita Goroka. Har mun gaisa. Yana tsokanata wai zafin Lae ya ƙone ni na koma kamar busasshen kifi, na ce shi kuma sanyin dutse ya sa har yanzu bai iya wanka ba. Ƙugiyar jirgi ta ɗauko kwantena, ta sauko da ita kan tirela. Kumoro yana kan tirelar. Bai yi ko tari ba, Yaya. Likita ya ce bai san abin da ya same shi ba.

Wanda ke tuƙa ƙugiyar ran nan sunansa Sengi, mutumin yankin kogin Sepik ne, shekararsa sha ɗaya a wannan aiki. Kamfanin lodin da muke wa aiki ya dakatar da shi. Amma ki ji ni da kyau: ba laifin Sengi ba ne shi kaɗai. Sauran maganar ba ta takarda ba ce, sai na zo.

Na aiko da takalmansa da lasisinsa a hannun direban nan.

Ƙanenki, ɗan goggonki,
Benefa

Haguto, 14 ga Yuni, 1994

Benefa,

Na gaishe ka. Kawunka yana nan, ƙafar ta ƙara kumbura don ya ƙi zama. Matar Kumoro ba ta magana. Ni kuma lafiyata lau, lakar da muke shafawa don makoki tana jikina har yanzu, kuma na rantse ba zan wanke ta ba sai na ga abin da nake so in gani.

Da a ce wani lokaci ne, da na fara da zaginka kamar yadda muka saba, taubashi, in ce maka ragon bakin teku. Yau ba ni da bakin wasa. Goggo ta rasu ta bar ka kana rarrafe, a bayana ka yi barci kai da Kumoro, ɗaya a goye ɗaya a cikin bilum, jakar saƙa da muke ratayawa. Shi ne aka sa shi a rami ba ka nan, wai jirage uku. To Allah ya ba jiragen lafiya.

Takardarka na karanta ta da ƙarfi a rumfar makoki, kamar yadda nake karanta kowace takarda, tunda ni ce mai aji shida a gidan nan. Da na zo kan sunan mutumin, Noho ya ce, "Maimaita." Ka san Noho, rana ɗaya suka shiga ɗakin horon samari da Kumoro. Na maimaita. Ya ce, "Sengi. Shi ke nan, na riƙe."

Mun gane abin da kake nufi da cewa ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Wato shi ya kashe, kamfani kuma ya tsaya masa, suna ɓoye shi a wani wuri har ƙura ta lafa su mayar da shi kan ƙugiyarsa. Ka ji tsoron rubutawa ne kada su kore ka. Ba komai, mun karanta abin da ba ka rubuta ba.

Shekara sha ɗaya a aiki, ka ce. Mai shekara sha ɗaya ba ya kuskuren ɗora gida guda na ƙarfe a kan mutum da rana tsaka. Mun san yadda mutanen bakin ruwa ke kallonmu. Mu ne masu warin hayaƙi, mu ne ba mu iya layi ba. Amma kofinmu ba ya musu wari in za su cika jirgi da shi.

Abu biyu nake so daga gare ka. Ka rubuto mini unguwar da Sengi yake kwana, da kamanninsa. Dogo ne ko gajere, yana da tsaga mai kama da fatar kada a baya irin ta mutanensu ko ba shi da ita. Noho da mutum huɗu a shirye suke su sauko. In kuwa ka ƙi, akwai wata hanyar. Kwaltar da ke kai kaya tasharku ta ƙofar gonarmu ta bi.

Kada ka sake aiko mini da takalmi. Mai takalmin nake so, in ba shi, to wanda ya raba shi da su.

Oripa

Lae, 21 ga Yuni, 1994

Yaya Oripa,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji batun ƙafar Kawu, na ba direba man zafi da bandeji. Ni ina fama da zazzaɓi kwana biyu, amma ina fita aiki.

Ba zan rubuta miki inda Sengi yake ba. Ki zage ni, na yarda. Mutumin nan yana da mata, Matilda, da 'ya'ya huɗu, kuma tun ranar da abin ya faru bai fita ko'ina ba. Ba wanda ke ɓoye shi. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana kallon ƙasa.

Batun hanya kuma, don Allah ki tsaya ki ji. Ke ba ki taɓa saukowa Lae ba. Duk abin da kika sani na kanti ta nan yake shigowa: shinkafa, kifin gwangwani, gishiri, kananzir, kwanon rufi, siminti, maganin da ake ba Kawu a asibiti, man da injinan ma'adinai ke sha can ƙuryar duwatsu. Duk abin da ƙasar nan ke sayarwa a ƙetare kuma, kofi da shayi da koko da busasshiyar kwakwa da katako, mafi yawa ta hannunmu yake fita. Babban birni suna da ofisoshi da tuta, amma ba su da hanyar mota zuwa wajenku. Mu ke da ita, kuma guda ɗaya ce tak. In kuka toshe ta a tsakiyar kakar kofi, ba Sengi kuka kama ba. Kun kama tsohuwar Wabag da ke jiran a sayi buhunta ɗaya, kun kama mai haihuwa a Mendi. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa. In ranarsa ta cika zai ɗaga ƙarfensa ya tafi, ko da cikinsa fayau.

Jiya shugaban aiki ya kira ni gefe ya ce, "Benefa, ƙauyenku ne a saman dutsen Kassam ko? Na ji ƙishin-ƙishin." Na ce ban san komai ba. Ya ce, "To ka gaya musu mu ma mun yi kuka."

Kin fassara maganata ba yadda na nufa ba. Ban ce kamfani ya ɓoye kowa ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata in samu hutu in zo, mu zauna ni da ke a bayan ɗaki, ba a rumfa ba. Kuma ina roƙonki, wannan kada ki karanta ta a gaban Noho.

Benefa

Haguto, 29 ga Yuni, 1994

Benefa,

Muna lafiya. Man zafin ya iso, kawunka ya ce a mayar maka da shi, na ajiye.

Na karanta a gaban Noho da kowa da kowa. Har inda ka ce kada in karanta, shi ma na karanta. An yi maka dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Wani ya ce, "Ashe ruwan gishiri yana cinye zuciyar namiji." Ni ban yi dariya ba. Shafi guda ka cika da kifin gwangwani da siminti, ƙanena ko layi ɗaya bai samu ba. Ka san sunan matar wanda ya kashe shi, ka san yawan 'ya'yansa. Sunan autan Kumoro ka tuna shi kuwa?

Dattawa sun so su yi sanyi. Fasto ya ce a bar wa hukuma, kansila ya ce a jira kamfani su hawo a yi zama. Ran Lahadi bayan coci na tsaya a fili da lakata, na kwance zanen da ke ƙuguna na sama, na jefa a gaban mazan. Na ce, "Ku ɗaura wannan ku je ku ciyar da aladu, ku ba ni wandunanku." Kansila ya ce, "Oripa, ki ji kunya." Na ce, "Kunya tana cikin akwati tare da ƙanena, ku tona ku ɗauko." Da yamma na ji ana wasa gatari.

Gobe da safe za mu kada itatuwa shida a kan kwanar da ke ƙasan gonar Baba, inda dutse ke hagu rami ke dama. Ko keke ba zai wuce ba. Mutanen ƙauyuka uku sun ce suna tare da mu. Sharaɗinmu ɗaya ne: a kawo mana Sengi. Tsohuwar Wabag ta yi haƙuri, ni ma kofina yana shanye a kan leda, zai ruɓe tare da nata.

Motar da ta kawo maka wannan ita ce ta ƙarshe da za ta sauka. Ka dube ta da kyau. In jiragenku sun ji yunwa, ka gaya musu sunan Kumoro.

Oripa

Lae, 2 ga Yuli, 1994

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ina fatan kina lafiya. Ni ba ni da lafiya, kuma ba zazzaɓi ba ne.

Ni ne.

Mai tuƙa ƙugiya yana can sama a cikin ɗan akwatinsa, gefen jirgi ya tare masa gani, ba ya ganin tirelar da ke ƙasa. Idonsa mutum ɗaya ne, wanda ke tsaye a ƙasa yana ba shi hannu. In hannu ya ɗaga ya tsaya, in hannu ya sauka ya sauke. Aikina ke nan shekara shida. Ran nan ni ke ba Sengi hannu.

Da muka gama tsokanar juna da Kumoro, na ce masa, "Ina dankalin da Yaya ta aiko mini? Ko ka cinye a hanya?" Ya ce, "Yana ɗaure a bayan kan mota, bari in kwanto maka kafin su ɗora." Ya haye tirela. A daidai nan shugaban aiki ya daka mini tsawa daga baya, wai jirgi zai tashi ƙarfe biyu muna wasa. Na juya ina ba shi amsa. Kwantena tana rataye a sama tana jirana. Na sauke hannuna ban waiga ba. Ban waiga ba, Yaya. Na manta yana wurin, minti ɗaya bai cika ba da na aike shi.

Da aka zo bincike aka tambayi Sengi, ya ce an ba shi hannu. Aka tambaye ni, na ce hannuna yana sama. Maganar mutum biyu, aka ɗauki tawa. Sengi ya dube ni kawai, bai sake cewa komai ba har yau.

Wannan ne abin da nake nufi da ba laifinsa ba ne shi kaɗai, kuma ko a nan ƙarya na yi, don ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da ya hana ni hawa motar gawa ke nan.

Ki buɗe hanya. Ki ce wa Noho mutumin da yake nema ya san gidan uwarsa. Duk abin da kuka yanke zan zo in tsaya. Na ba wani direban tankar mai wannan takarda, ya ce zai gwada haurowa gobe.

Benefa

Lae, 12 ga Yuli, 1994

Yaya Oripa,

Gaisuwa. Kwana goma shiru. Ban sani ba ko kin karanta kin ƙi amsawa ne, ko takardar ba ta iso ba. An ce motoci sun fi ɗari biyu a jere a kwarin Markham, direbobi na dafa abinci a ƙarƙashin tirela. Na je ofishin waya, suka ce buhunan wasiƙu ma suna cikin layin.

Nan tasha ta mutu. Sito ya cika da shinkafa har ƙofa ba inda za a kai ta, sitocin kofi kuwa shara muke yi. Jirgin da ya zo ɗaukar kofi zuwa Jamus ya jira kwana biyar ya tafi da rabin ciki. An sallami leburorin wucin gadi. A kasuwa mata sun daina sayar wa mutanen dutse buai, goron nan namu mai jan baki, sai harara.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Sengi ba ya gida. Matilda ta zo har bakin ƙofar tasha ta same ni, ta ce ya ɗauki garin sago, abincin mutanensu, da busasshen kifi a jaka, ya ce mata, "Saboda ni aka rufe ƙasa. Zan je in yi kuka tare da su, in sun ga fuskata za su san ban yi da gangan ba." Ta riƙe rigata tana cewa, "Kai ɗan wajen ne, ka bi shi." Na hau bas har Watarais, gindin dutse, 'yan sanda suka mayar da mu, ba mai wucewa. Shi an ce da ƙafa ya bi ta daji tun jiya.

In ya iso, don girman Allah kada a taɓa shi. Ki nemi direban tankar mai, jar hula gare shi, yana cikin layi, ki karɓi takardata ta biyu ga wata. Wannan zan ba wani mai wa'azi da ya ce shi ma da ƙafa zai hau.

Benefa

Haguto, 19 ga Yuli, 1994

Benefa,

Ina gaishe ka da zuciya mai sanyi, karo na farko tun watan Mayu. Kawunka ya ci abinci. Ni na yi wanka.

Mako uku ban ji daga gare ka ba, na san fushi kake yi an taɓa maka jirage. To ga labari, ka kai wa shugaban aikinka.

Ran Laraba da rana muna zaune a kan itatuwan da muka kada, mata na gasa dankali, sai ga mutum ya fito daga daji ta ƙasan kwana, ƙafafunsa duk ƙaya, da jaka a kafaɗa. Baƙi wuluk, dogo, ka gan shi ka ga mutumin kogi. Noho ya tare shi ya ce, "Malam, hanya a rufe take, ina za ka?" Ya ce, "Gidan su Kumoro nake nema." Noho ya ce, "Kai wane ne?" Wallahi Benefa, da bakinsa ya faɗa. Ya ce, "Sunana Sengi. Ni ke kan ƙugiya ran nan."

Ya ajiye jakar, ya fito da kifi da gari ya jera a kan kwalta, ya durƙusa ya fara kuka irin nasu. Na taso na tsaya a kansa. Na ce, "Ni ce yayarsa. Ni na goya shi." Ya ce, "Mama, ban gan shi ba. Hannu aka ba ni." Na ce, "Wa ya ba ka?" Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe, sai ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ka gani, ko ƙaryar ma ba ka iya ƙarasawa ba."

Maza sun so su gama da shi nan take. Ni na hana, kada ka ce ba ni da tausayi. Na ce mutuwa hutu ce, Kumoro bai san abin da ya same shi ba, wannan ina so ya sani kullum. Na tambaye shi, "Da wane hannu kake sauke kaya?" Bai gane ba, ya ɗaga na dama. Mutum uku suka danne shi a kan gungume. Noho ya yi sara ɗaya da adda.

Fasto ne ya ɗaure masa da rigarsa, aka ɗauke shi a makara zuwa asibitin Kainantu. An ce zai rayu. Kifinsa mun ba karnuka.

Washegari 'yan sanda suka hauro da motoci, ba mu yi gardama ba, mu da kanmu muka taya su janye itatuwan, tunda mun samu abin da muke nema. Noho ya shiga daji, sai su yi ta nema. Tun ran Juma'a tireloli ke wucewa ba dare ba rana, ƙasa har rawa take. Ga kofinku nan ya sauko, ku cika jiragenku.

Yanzu kana iya zuwa gida. Na huce da kai. Ka zo ka ga kabarin, na dasa masa jajayen furanni.

Yayarka,
Oripa

Haguto, 27 ga Yuli, 1994

Benefa,

Kawunka yana lafiya. Yaran Kumoro suna lafiya. Tawa lafiyar ba ruwanka da ita.

Kwana biyu bayan na aika maka waccan, wani mai jar hula ya tsayar da tanka a ƙofar gona ya ce, "Wace ce Oripa? Mako uku takardarki na aljihuna, ku kuka hana ni kawo ta, sai da na koma Lae na sake haurowa." Da yamma mai wa'azi ya kawo ɗayar, ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a hanya. Ina tsaye a cikin kofi na buɗe ta farkon. Kalma biyu na karanta na zauna a ƙasa.

Kwana ɗaya da wuni na riƙe ta a cikin riga. Na yi tunanin in jefa a murhu, ba wanda zai sani sai ni da kai da mutumin da ba ya magana. Sai na tuna duk takardunka a fili na karanta su, har wadda ka roƙe ni. Ran Lahadi na tsaya inda na jefa zane, na karanta wannan ma, tun daga gaisuwa har sa hannu.

Ba wanda ya wasa gatari. Kai ɗan 'yar'uwarsu ne, jininka haramun ne a gare su, ka san haka tun kana rubutawa. Kawunka ya tashi da sandarsa ya shiga gonar da ya yanka maka, ya fara sare kofin da kuka dasa tare, yana yi yana faɗuwa. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya hana shi. Ya ce in gaya maka ba ka da wurin kwana a Haguto, da rai ko ba rai.

Wannan nasu ne. Ni bai ishe ni ba.

Ka kashe mini ƙane, wannan kuskure ne, da ka hau motar gawa ka faɗi a gabana da na dake ka har hannuna ya gaji, sannan mu yi kuka tare. Amma ka rubuta mini sunan wani. Ka ba ni shi da hannunka, har da garinsu da shekarunsa na aiki, ka san wace ce ni. Na tambaye ka a kansa, kana ba ni labarin siminti. Ka bar ni na tsaya a kan mutumin da ya yi kwana biyu a daji don ya yi mana kuka, na tambaye shi wane hannu.

Na je asibiti ran Litinin. Yana kwance, dungulmin a naɗe. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗi sunansa ba?" Ya ce, "Mama, kin riga kin binne ɗaya." Ya juya fuskarsa bango.

Matarsa tana wurin, ta hauro da motar farko da aka buɗe hanya. Na kira ta waje na gaya mata nawa duka, cewa Noho ya sara amma ni na ce a sara. Tana tauna buai. Ta tofa mini a fuska, ja wur, ban goge ba har na iso gida. Gobe zan sauka Kainantu in faɗa wa 'yan sanda abin da na faɗa mata, su bar neman Noho shi kaɗai. Takardarka kuma zan kai musu, bayan na kwafe ta sau biyu. Ɗaya ta shugaban aikinka ce, ɗaya ta mutanen Sepik da ke Lae, waɗanda aka ce suna tsayar da motocinmu a ƙofar tasha suna tambayar direbobi 'yan wane ƙauye ne. Gara su san wanda za su tambaya.

Ba ta hannun direba na aiko wannan ba. Matar da ta miƙa maka ita, ka san ta, ta taɓa riƙe rigarka tana roƙonka. A gabanta na rubuta, na karanta mata kowane layi, kwafin biyu kuma suna cikin bilum ɗinta. Na ce mata ta tsaya a wurin har ka gama karantawa. Inda za ta fara kai su, da abin da za ta yi da kai, ruwanta.

Ka gama. Ɗago kanka ka dube ta.

Oripa